Auta da Jirgin Gwaggo

Auta mai yankan makulli ce, kamar yadda babanta ya kasance mai yankan makulli, kuma duk wanda ya taɓa ganin ƙafarta ya san ba a yi ta don takalmin kanti ba. Ƙafa ce da in ta taka kududdufi sai ya ƙafe. 'Ya'yan Kawunta, waɗanda ba su da wani aiki a duniya sai tsokanarta, sun rantse cewa ranar da aka haife ta sai da ƙafar ta fito ta huta kafin sauran jikin ya biyo baya.

A ranar ce ungozoma ta duba ta ce namiji ne. Auta ba ta yi gardama ba, don a lokacin ko haƙori ba ta da shi. Sai da ta yi wayo ta gane an yi kuskure. Jikin dai na namiji ne, amma wadda ke cikinsa mace ce, kuma ta san haka ne kamar yadda mutum ke sanin yana jin ƙishirwa, ba sai an gaya masa ba. Ba ta sanar da kowa ba, amma mutanen layin sun riga ta sanarwa. Yara suka riƙa kwaikwayon tafiyarta. Manya suka riƙa kiranta ɗan daudu, wata rana da dariya, wata rana da dutse. Sai ta lafe a shagon babanta, wani ɗan akurkin ɗaki da ke manne da bangon gidansu, tana kallon duniya ta tagar da ake miƙo makulli. Babanta ba mai magana ba ne. In ta shigo da jini a goshi, sai ya ba ta tsumma ta goge, ya matsa mata wuri a benci, ya miƙa mata magagari. Iyakar ta'aziyyarsa ke nan, kuma ta fi ta mutane da yawa.

Bayan rasuwarsa ta bar garin. A wani babban birni ta samu aiki a kantin kayan gini, ɓangaren kwaɗo da sakata. Ta bar gashinta ya yi tsawo, ta fara sa tufafin da ranta ke so, ta gaya wa mutane yadda za su kira ta. Wasu suka ƙi, wasu suka yi. Ta gamu da wasu irinta da ke haɗuwa a wani ɗaki saman shagon buga takardu, su sha shayi, su yi ta rigima a kan wa ya bar kofi bai wanke ba. A nan ta yi kumatu. A nan aka fara jin dariyarta, wadda ashe irin ta injin da ya ƙi tashi ce. Da ta gaya wa Mama gaskiya ta waya, Mama ta yi kuka har layin ya katse, sannan ta sake kira ta tambaye ta ko tana cin abinci.

Haka aka yi shekaru, har ranar da Mama ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Yaya, babbar 'yar gidan, tana da miji da yara da aikin asibiti a ɗaya gefen gari. Ba wanda zai zauna jinya sai Auta. Ta ɗaure kayanta ta taho, ta shigo gida ta ƙofar baya.

Aka yi taron dangi a ɗakin Mama. Akwai Yaya, akwai Kawu, ƙanen Mama, wanda ke riƙe da shagon tun tafiyar Auta, akwai kuma Gwaggo, ƙanwar marigayi, mace da ba ta taɓa ganin matsala ta bar ta yadda ta same ta ba, sai ta ƙara mata ɗaki da baranda.

"Ni dai ba ni da damuwa da ita," in ji Kawu, yana kallon rufin ɗaki. Kalmar "ita" ta fito daga maƙogwaronsa kamar ƙayar kifi, amma ta fito.

"Ba mu ne matsalar ba, mutanen layin nan ne," in ji Gwaggo. "Za su cinye ta ɗanya, su haɗa da mara lafiya. Saboda haka ku saurara. Auta ba ya nan. Yana aiki a jirgin ruwa."

"Me ya sa jirgin ruwa?" in ji Yaya.

"Wa zai iya kai masa ziyara a tsakiyar teku?"

"To ni kuma fa, Gwaggo?" in ji Auta.

"Ke baƙuwa ce. 'Yar wata 'yar'uwar uwarki ce ke, daga can nesa. Kin zo jinya."

"Wace 'yar'uwar tawa?" in ji Mama daga kan gado.

"Wadda ta rasu."

"Wace ce ta rasu?"

"Ba ki san ta ba."

Auta ta duba fuskokinsu. Duk ɗakin nan ba wanda ya ce mata "kai", ba wanda ya ce ta aske gashi. Tun tana ƙarama take jiran irin wannan rana. In kuɗin shigarta wannan 'yar ƙaryar ce, ta ga ai da araha. Ta ce to. Gwaggo ta ciro wani tabarau mara magani daga jaka ta ɗora mata a hanci, ta ja baya ta duba, ta ce ko ita da ta yi mata wankan jarirai ba ta gane ta ba.

Zaman baƙunta a gidan da aka haife ka aiki ne mai wuya. Washegari Gwaggo ta riƙe hannunta ta zaga da ita layin tana gabatar da ita ga mutanen da suka san ta tun tana yawo ba wando. Ta nuna mata shagon mai aski, ta nuna mata kemis, ta nuna mata famfo, har ta gargaɗe ta da wani rami a bakin kwata wanda Auta ta taɓa barin haƙori a cikinsa. An hana ta cewa Mama in akwai baƙon ido, sai dai Anti. An hana ta sanin inda ake ajiye almakashi sai ta tambaya. Kare ɗaya ne a layin ya ƙi bin tsarin, tsohon karen mai walda, wanda ya ruga ya ɗora mata ƙafafu a ƙirji yana kuka. Gwaggo ta ce haka karnuka suke da mutanen nesa.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne shagon. Baƙuwa ba ta san yankan makulli ba, saboda haka ba ta da hurumin taɓa inji. Ta cikin bango take jin Kawu yana aiki, kuma daga ƙarar kaɗai ta san yana kashe makullin mutane. Kawu mutum ne da in ka ba shi makullin ɗaki ya kwafa, zai ba ka abin da ba ya buɗe komai a faɗin duniya. Rabin layin ta taga suke shiga gidajensu. Auta tana shafa wa Mama mai a ƙafa, sai ta ji haƙoran injin sun ci inda bai kamata ba, ta runtse ido kamar naman jikinta aka yanka.

Shi kuwa Auta na jirgi sai ci gaba yake yi. A bakin Gwaggo ya fara da wanke daɓen jirgi, bai daɗe ba aka ba shi riƙon injin jirgin, daga nan ya zama na hannun daman kyaftin. Ya yi aure a wata tashar ruwa, matar ta haifi namiji mai kama da marigayi. Gwaggo ta sa aka faɗaɗa wani tsohon hoton Auta na lokacin makaranta, kai a aske, ido a ƙasa, aka rataye shi a falo daidai inda baƙuwa ke zama in tana tsefe wa Mama kai. Mutanen da suka jefe shi da dutse suka fara aika masa gaisuwa. Mai walda ya ce shi tun yaron yana ƙarami ya ga alamar zai yi nisa.

Da jinya ta yi tsawo, sai yabon ya juya. Matan layin suka riƙa shigowa duba Mama, su zauna su kalli hoton su girgiza kai.

"Ɗan yau ke nan," in ji matar mai kemis. "Uwa tana kwance, shi yana can yana shan iskar teku. Ko leƙowa."

"Aiki ne ya riƙe shi," in ji Mama a hankali.

"Wane aiki? Dama tun farko ba shi da kan gado, kin dai san abin da nake nufi. Ke kuwa 'yar nan, Allah ya yi miki albarka. Abin da ɗan cikinta ya kasa, ke bare kin yi."

Auta ta ce amin. Ita ta ɗaga Mama da safe, ita ta yi mata wanka, ita ta zubar da fo. A zama ɗaya an tsine mata an sa mata albarka, kuma ba ko ɗaya da ya faɗo a kanta. Zagin na mutumin jirgi ne, albarkar ta 'yar wata mata ce da ba a taɓa haifa ba.

Ba a rana ɗaya abin ya kama ta ba. Kumatun ne suka fara tafiya. Ta riƙa tura abinci gefe tana cewa ta ƙoshi. Ƙawayenta na birni suka yi ta kira, ta riƙa kallon wayar har ta gaji ta yi shiru, don ba ta san da wace murya za ta amsa ba. Aikin Mama kaɗai ke tashinta daga gado, tana gamawa ta koma ta juya wa bango fuska. Gashin da ta yi shekaru tana tattali ya cukurkuɗe ta bar shi. Wata rana Yaya ta same ta a tsaye a kicin da buta a hannu, ruwan ya daɗe da hucewa, ita kuwa ba ta san me ta zo yi ba. Mama ta ce zazzaɓi ne. Kawu ya ce canjin ruwa ne, ya manta da wannan ruwan aka yaye ta. Gwaggo ta ce kunya ce irin ta baƙi, har ta yaba mata da ta iya riƙe matsayinta.

Ranar da ta kai Mama asibiti a duba ƙashin, ma'aikaciyar jinyar ta gama da Mama, sai ta tsaya tana kallon Auta da ke tura Mama a keken marasa lafiya.

"Ke kuma wa ke jinyarki?"

Auta ta buɗe baki za ta ce lafiyarta lau, sai hawaye suka riga maganar. Ma'aikaciyar ta bar Mama wajen masu gashin ƙashi, ta ja Auta zuwa wani ɗaki a ƙarshen baranda, inda wata siririyar likita mai duba masu ciwon damuwa ke zaune ƙarƙashin fankar da ke juya kai ba ta ba da iska.

Likitar ba ta yi mamakin komai ba, kamar kullum da safe ana kawo mata mutanen da danginsu suka tura teku. Ta bar Auta ta faɗi labarin tun daga ungozoma har zuwa tabarau. Sannan ta tambaye ta ko tunanin mutuwa yana zuwa mata.

Auta ta kalli fankar. "Ba wai ina shirya wani abu ba ne," ta ce. "Kawai in na kwanta sai in ga ko ban tashi ba, ba wanda ya yi asara. Ɗansu yana jirgi. Baƙuwa kuwa dama tafiya za ta yi."

"Wannan ciwo ne, kuma ana warkewa," in ji likitar. "Ba kasancewarki yadda kike ba ne ciwon. Kin zauna lafiya a birni, ko ba haka ba? Zan ba ki magani, za ki riƙa zuwa muna magana. In tunanin nan ya yi nauyi, ki kira ni ko ki zo, kar ki jira ranar da na ba ki. Amma ina so mutum ɗaya a gidan nan ya ji abin da kika gaya mini, daga bakinki."

Auta ta ce za ta duba. Ta karɓi maganin ta ɓoye shi a cikin takalmi, inda akwai wurin da zai ɗauki kemis guda.

Kafin ta gama dubawa, matar mai kemis ta zo da albishir. Ashe tana da ɗan ƙane da ke aiki a tashar jiragen ruwa. A ba ta sunan jirgin kawai, shi zai nemo mara kunyar nan ya sa shi ya kira uwarsa. Gwaggo ta ce sunan yana bakinta, bari ta tuna. Matar tana fita ta kira taron gaggawa.

"Sai dai mu kashe shi," in ji Gwaggo.

"Cuta ko hatsari?" in ji Kawu.

"Jirgin zai nutse."

"Da mutanen ciki duka?"

"To in bar su su zo su ba da labari?"

"Matarsa da yaron fa?" in ji Yaya.

"Sun je masa hutu. Suna ciki."

"Har jikan nawa?" in ji Mama, kafin ta tuna ba ta da shi.

Gwaggo ta bayyana amfanin abin dalla-dalla. In ya mutu, ba mai sake nemansa, ba mai sake zaginsa, don ba a zagin mamaci. Baƙuwa kuma sai ta zauna dindindin, a ce Mama ta riƙe ta a madadin ɗan da ta rasa. Kowa ya huta. Ta juya wajen Auta da ke rakuɓe a bakin ƙofa, fuskarta cike da ƙauna ta gaskiya, wadda ita ce ta sa abin ya fi ciwo.

"Duk don ke ake yi, 'yar nan. Gobe da safe ki je wajen mai aski ki aro kujeru. Mutane za su zo gaisuwa."

"Gwaggo, a bari mu yi shawara tukuna," in ji Yaya.

"Ai na riga na ɗan tsegunta wa matar mai kemis a hanya cewa mun ji labari mara daɗi."

Tsegunta wa matar mai kemis magana daidai yake da hawa rufin gida da lasifika.

Da safe Auta ba ta je aron kujeru ba. Ta ɗaga Mama, ta yi mata wanka, ta zaunar da ita, ta ɗauko man shafawa ta durƙusa a gabanta. Ta cire tabarau ta ajiye a ƙasa.

"Mama, ranar asibiti ba layin karɓar magani na tsaya ba. Likitar damuwa na gani." Ta gaya mata abin da ta gaya wa likitar, kalma da kalma, ba ta rage ba, ba ta sa masa sukari ba. Hannunta bai daina murza ƙafar ba. "Ba kowa a jirgin nan, Mama. Ni kaɗai ce. Ni aka jefa da dutse, ni na zauna a bencin Baba, ni ce a hoton can. In kuka ce ya mutu, ban san wace ce za ta rage tana yi miki wanka ba. Ba zan iya raba ruwa a zaman makokina ba."

Mama ta ɗora hannu a kan cukurkuɗaɗɗen gashin, ta bar shi a wurin. Can ta ce, "Tsoro nake ji. Kar su taɓa ki."

"Na sani."

"Ɗauko mini mataji."

Kujeru dai sun zo, don mai aski da kansa ya kwaso su. Kafin rana ta karkata falon ya cika, har tsakar gida. Mata suka zauna suna jan hanci, maza suka tsaya daga bakin ƙofa suna sunkuyar da kai. Gwaggo tana tsakiya tana bayanin yadda igiyar ruwa ta yi tsawon bene, da yadda marigayin ya ƙi shiga kwalekwalen ceto sai da ya ga kowa ya shiga, abin da bai hana kowan nutsewa ba. Mai walda ya share ido ya ce shi ya rasa ɗa.

Auta ta turo keken Mama zuwa falo, gashinta a taje, hancinta ba tabarau. Matar mai kemis ta matso ta kama hannun Mama.

"Sai haƙuri. Ashe abin da ya faru ke nan. Allah ya jiƙansa."

Abin da ya rage wa Mama shi ne ta ce amin. Gwaggo tana gyaɗa mata kai daga nesa. Mama ta kalli hoton bango, ta ɗaga kai ta kalli mai riƙe da keken.

"Ni ban yi rashi ba," ta ce. Ta sake faɗa da ƙarfi. "Ban yi rashi ba. Biyu na haifa, ga babbar can, ga Auta nan a bayana. Ba jirgi, ba teku. 'Yata ce. Ita ke ɗaga ni, ita ke kwantar da ni. Wanda ya zo gaisuwar mutuwa ya yi haƙuri, an wahalar da shi."

Gwaggo ta zauna a kan kujerar da akwai mutum a kai.

Auta ta saki keken ta fito gaba. "Sannunku da zuwa," ta ce. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya yadda ta saba tun tana ƙarama, wannan Baba, wannan Inna, wannan Yaya. Wasu suka amsa, wasu suka kalli ƙasa. Mai walda ya miƙe, ya tofar da yawu a bakin ƙofa, ya ce shi ba a taɓa raina masa hankali irin na yau ba, ya fita. Mutum uku ko huɗu suka bi shi. Matar mai kemis ta saki hannun Mama kamar ta taɓa tukunya mai zafi, ta ce ta bar abu a wuta.

Mai aski, wanda ya yi wa Auta aski tun ana riƙe ta a cinya, ya gyara murya.

"Hajiya, in ba za ki ji haushi ba. Ai tun ranar da ta iso muka gane ta. Wannan ƙafar guda nawa ce a duniya?"

"Kun sani?" in ji Gwaggo. "To me ya sa ba ku yi magana ba?"

"Mun ɗauka ku ne ba ku gane ba. Muka ce ba mu za mu fasa muku ba."

Wani ya yi dariya daga tsakar gida, aka harare shi, sai kuma wata ta kama. Ba kowa ya yi ba. Waɗanda suka rage suka sha ruwan da aka riga aka sanyaya, tunda an riga an sanyaya, suka taya mai aski mayar da kujeru.

Ba a ce daga ranar komai ya gyaru ba. Akwai waɗanda suka daina gaishe da gidan gaba ɗaya. Akwai safiyar da aka tashi aka ga an yi rubutun banza da gawayi a ƙofar shago, Kawu ya wanke shi da kansa yana zagin kakannin wanda ya rubuta, har da kuskuren rubutunsa. Mijin Yaya ya hana yaransa zuwa na wani lokaci. Auta ta koma bakin inji, Kawu ya yi murabus ba tare da an roƙe shi ba, mutanen layin suka fara shiga gidajensu ta ƙofa. Wasu sukan miƙo makulli ta taga suna kallon gefe, kamar bango suke ba aiki. Ta fito da maganinta daga takalmi ta ajiye kusa da na Mama, suka riƙa tuna wa juna. Ta ci gaba da zuwa wajen siririyar likita, wani zuwan har da Mama a keke, wadda ta fi mai ciwon yawan surutu. Ta fara ɗaga wayar ƙawayenta. Gwaggo ce kaɗai ta yi zaman makoki na gaske, don ta shaƙu da yaron nan na jirgi, kuma ta riga ta zaɓa wa jikan makaranta.

Ciwon bai tafi don an yi jawabi a falo ba. Wata rana wani da suka yi aji ɗaya ya hango ta a hanya, ya tsallaka titi ya ja hannun ɗansa. Ta dawo ta yi aikinta. Washegari ta kasa tashi. Rana ta fito, shago a rufe, ita tana ƙarƙashin mayafi fuska ga bango.

Mama, wadda ta fara takawa da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, ta taso daga ɗakinta. Tafiyar da ba ta fi tsawon tabarma biyu ba ta ɗauke ta kamar za ta ƙetare gari. Ta zauna a bakin gadon tana haki, ta kira likitar a waya, ta yi mata bayani da ƙarfin da ko ba waya za ta ji. Likitar ta ce a bar ta ta huta, kar a bar ta ita kaɗai, a kawo ta gobe.

Gwaggo ta shigo ta ga shago a rufe, mutane biyu suna jira a taga. Nan take idonta ya kawo haske.

"Bari in ce musu ta je sarin kaya. Ko in ce an kira ta wani babban aiki a..."

"Ba inda ta je," in ji Mama. "Tana kwance, ba ta da lafiya, ciwon damuwa ne. Wanda ya tambaya, haka za a ce masa."

Gwaggo ta fita tana gunaguni cewa labarin ba shi da armashi. Amma haka ta faɗa.

Can wajen hantsi aka yi sallama. Matar mai aski ce, da burodi a leda. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin tana sauya ledar daga hannu zuwa hannu, don ta san yadda ake gaida mai zazzaɓi da mai karaya, amma wannan ba ta taɓa gaida irinsa ba.

"Sannu, Auta," ta ce. "Ya jikin?"

Murya ta fito daga cikin mayafin, a dushe.

"Da sauƙi, Inna."

Ƙarya ce, amma irin wadda kowane mara lafiya ke yi wa mai dubiya. Matar ta ajiye ledar, ta ja kujera ta zauna, suka shiga hirar tsadar gawayi ita da Mama a kan Auta kamar ba ta wurin. Da rana ta yi, hannu ya fito daga ƙarƙashin mayafin ya ja ledar ciki. Ba ta rage wa kowa ko ɓawon ba.